Shekarar Da Goron Dutse Ya Zama Biyu

Ku da kuka taso bayansa, abin da kuka sani game da yayanku bai wuce hoton nan da ke cikin kabad ɗina ba, sai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa a wurin biki: wai uwarku ce ta yi taurin kai, ta ɗauke yaro daga ɗakin kakarsa, ta kai shi kudu aka buɗe masa kai. Na san kun ji. Hadiza, ke har kin taɓa tambayata, na ce ki tashi ki duba mini tukunya. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ido kuma ya fara yi mini rowa, bari in faɗa muku da bakina, kada in tafi in bar ku da bakin wasu.

Kun dai san mutanenmu. Asalinmu Fulani ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, Fulatancin ma ya bi su, amma kunya ta zauna daram a cikin birni. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Ni abin ma ya ninku, domin sunan mahaifin babanku aka sa masa, sunan da ko a mafarki suruka ba ta furtawa. Ranar da aka yaye shi, Inna, kakarku ta wajen uba, ta goya shi ta tsallaka tsakar gida zuwa ɗakinta, shi ke nan ya zama nata. Mutanen gida suna ce masa Abba. Shi yana ce mini Yaya, kamar wata babbar ’yar gidan. Ni kuwa in zan aike shi sai in ce “kai yaro”, in zan yi maganarsa in ce “ɗan Inna”. Idan baƙuwa ta matsa mini da tambayar sunansa na yanka, sai in kalli ƙasa in ce, mai sunan annabin nan da yake jin maganar tsuntsaye.

Kada ku ɗauka ba na son sa. Son sa nake yi har ina jin zafinsa a ƙirji. Sai dai na koyi yin sa a ɓoye, yadda uwata ta yi wa yayana. In na yi miya, tsokar da ta fi kyau a kwanon Inna nake sawa, don na san bakin da za ta ƙare. In yana karatun allo a ƙofar ɗakinta, ni ina bayan asabari ina tsintar shinkafar da na riga na tsince. Da ya fara kiwon tantabaru a kan soro, a cikin fasassun tuluna da ya jera, sai na mayar da shanya ta can sama, duk da ga igiya a tsakar gida. Daga kan soron nan ana ganin Goron Dutse sosai, ja, a tsugune bayan rufin gidaje. Da la’asar yakan sake su, su yi ta kewaya dutsen, shi yana tsaye yana yi musu fito, ni ina kakkaɓe zanin da ya daɗe da bushewa.

Shekarar da abin ya faru ita ce wadda soja suka ce sun gaji, za su koma bariki. Yana da shekara goma sha ɗaya. Garin duk ya ruɗe da siyasa. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana da shagon ɗinki a Ƙofar Na’isa, kuma bai taɓa samun aiki irin na wannan bazarar ba: mutumin da jiya ka gan shi yana tura keke, yau ya zo a gwada shi babbar riga mai aska, wai zai zama kansila. Rediyo kuwa daga safe har yamma cewa yake yanzu kowa yana da bakin magana. Ina ji ina murmushi, ban ɗauka da ni ake ba.

A cikin wannan hayaniyar ciwon ya shigo, a hankali, ba sallama. Da farko ciwon kai ne da safe, ya yi amai, zuwa hantsi ya warware ya tafi makaranta. Aka ce zafin bazara ne. Sai ya fara tafiya yana karkacewa, yana dafa bango a lungun da ya san shi tun yana rarrafe. Inna ta yi abin da ta sani: aka karɓo rubutu daga malaman unguwar Madabo, aka yi hayaƙi, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a ƙeya. Wata yamma ina kan soro na ji ya yi dariya shi kaɗai.

“Inna!” ya ƙwala kira ƙasa. “Tantabaruna sun ƙaru. Kowacce ta zama biyu. Dutsen ma biyu ne.”

Inna ta amsa daga tsakar gida, “To Allah ya ƙara arziki, maigida. Sauko ka sha kununka.”

Ita wasa ta ɗauka. Ni da nake kusa na saci kallonsa, na ga idonsa ɗaya ya lanƙwaso ciki wajen hanci. Zanin da ke hannuna ya faɗi ban sani ba.

Daga ƙaramin asibiti aka tura mu babba, daga babba aka tura mu inda ake ɗaukar hoton kai. Mu uku muka shiga wurin likita: babanku, Inna, da ni a baya riƙe da fulas ɗin ruwa. Likitan matashi ne, mai sanyin murya. Ya ɗaga baƙin hoton ya kara shi da haske, sai ga kan yaron nan an jera shi yanka-yanka, a can baya kuma wani farin abu a kwance kamar ƙwan tantabara. Na tsaya ina kallo kamar a mafarki. Ni da ban taɓa tsayawa na ƙare wa fuskarsa kallo ba, ga shi ina kallon cikin kansa.

“Wace ce mahaifiyarsa?” in ji likita.

Na sunkuyar da kai. Inna ta gyara mayafi ta ce, “Ni ce uwarsa. Faɗi abin da za ka faɗa.”

“Hajiya, ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Kuma ba mai sauƙin ba ne, ciwon daji ne. Hanya biyu ce. Ko ku koma gida da shi, mu ba ku maganin rage raɗaɗi, a yi ta addu’a. Hakan ba zai wuce ’yan watanni ba, kuma idon zai riga tafiya. Ko a kai shi kudu, akwai asibitin da ke yin wannan tiyatar. Su cire abin da zai ciru, su gasa sauran da na’ura.”

Babanku ya ce, “In an yi, zai warke?”

“Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Zai iya tafiya a kan teburin. Zai iya tashi ba magana. Zai iya tashi lafiya ya samu shekara, ko shekaru, Allah ne masani. Warkewa gaba ɗaya, akwai, amma kaɗan ne. Ba zan zaɓa muku ba. Kada dai ku daɗe.”

Mun daɗe. Maganar kuɗi ba ita ta tsayar da mu ba, dangi sun yi abin da dangi ke yi. Inna ce ta ce a’a. Ina so ku fahimci kakarku, don ba jahilci ne ya sa ta ba, kuma rabin abin da ta faɗa ya tabbata. Mace ce da ta san mutuwa fiye da mu duka. Ta zaunar da babanku a gaban gadonta na ƙarfe, ni ina bakin ƙofa ina jiƙa mata goro.

“Na binne ’ya’ya,” ta ce, “amma kowanne da kansa a rufe na mayar wa Mai shi. Likitan da kansa ya ce ba lallai ba ne. To a kan ba-lallai-ba za a fasa kan yaro kamar ƙwarya? In kwana ya ƙare, ya ƙare a kan gadon nan, ina tofa masa addu’a, ba a hannun mutanen da ba su ma san sunansa ba.”

Babanku ya ce, “Haka ne, Inna.”

Kun san shi. Mutum ne da zai iya warware ɗinkin riga sukutum don zare ɗaya ya karkace, amma bai taɓa iya warware maganar uwarsa ba. A ɗakina yakan zauna ya riƙe kai, ya ce, “Binta, ni ban san abin da ya fi ba.” Bai taɓa cewa, ke me kika gani ba. Ba mugunta ba ce. Tambayar ce ba ta zo masa ba, kamar yadda amsar ba ta zo mini a baki ba. Wa ke tambayar uwa a kan ɗan fari? Kwanaki suka yi ta wucewa kamar ina tafiya cikin ruwa. Ina girki, ina shara, ina yi wa ƙaninsa Nura wanka, amma duk abin da na kalla sai in ga farin abin nan a bayansa.

Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati, mazan unguwa duk suka taru a ƙofar gidan mai talabijin, mata suka kewaye rediyo a ɗakin Inna. Hadari ya haɗu a gabas bai zubo ba. Na duba tabarmarsa ban gan shi ba. Na hau soro, a karon farko ba tare da ko ƙyalle a hannuna ba. Yana zaune ya jingina da bango, wata farar tantabara a cinyarsa. Yadda ya hau matakalar nan shi kaɗai, har yau ban sani ba. Na tsaya nesa kaɗan kamar kullum, fuskata na wajen dutse.

“Yaya,” ya ce, “ke ma kin zama biyu.”

Na ci gaba da kallon dutsen.

“Ɗaya tana kallon can, ɗaya kamar ni take kallo. Wacce ce ke?”

Na zauna a gabansa a kan daɓen soro, na juyo da fuskata duka, na dube shi. Yana da ɗan tabo a gira wanda ban san ranar da ya same shi ba. Kunnuwansa irin na babana ne.

“Na ji abin da likita ya ce,” ya ce. “Kun ɗauka barci nake a benci. In sun buɗe, za su ga abin da nake tunani?”

“A’a. Wannan sai Allah.”

“To da sauƙi.” Ya shafa bayan tsuntsuwar. “Inna tana jin tsoro. Ni ma ina ji. Amma duhun na fi tsoro, Yaya. In ido ya tafi, wa zai san wacce ce ba ta dawo ba?”

Ban rungume shi ba, kada in ƙara wa labarin gishiri. Hannuna kawai na ɗora a kan gwiwarsa, muka zauna haka har iskar hadari ta fara kaɗa tulunan. Daga ƙasa ana jiyo taken ƙasa a rediyo, da guɗar wata maƙwabciya da ɗanta ya ci zaɓe.

Bayan magariba mata sun watse, babanku ya shigo gaida Inna. Na bi bayansa, na durƙusa a tsakiyar ɗakin, ba a bakin ƙofa ba. Muryata da ta fito ban gane ta ba.

“Inna, ki yi mini aikin gafara. A kai shi.”

Ta dube ni kamar tukunya ce ta yi magana. “A kai wa?”

“Ɗana,” na ce.

Babanku ya ce, “Binta!” Amma kalmar ta riga ta fita, tana tsaye a tsakiyar ɗakin. Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tashi a hankali, ta jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ta ɗora allonsa a kai, da ’yar hular da ta saka masa da hannunta, ta turo su gabana.

“Ashe yana da uwa,” ta ce. “Shekara tara ina riƙon ɗan mutane ban sani ba. Ga kayansa. Malam, tunda mai ɗa ta yi magana, sai ka bi.”

Wannan shi ne abin da na biya. Matar da ta karɓe ni ina yarinya, ta koya mini tuwo, ta yi mini wankan jego da hannunta, daga ranar ba ta ƙara kiran sunana ba. Kuma na san abin da na ɗauka: in ya mutu a can, ni na kashe shi a idon kowa, har da idona.

Tafiyar kudu ina tuna ta kamar abin da aka ba ni labari. Jar ƙasarmu ta yi ta komawa kore, bishiyoyi suna ƙara tsawo har suka rufe sama, ruwa yana bin gilashin mota. Ya kwantar da kansa a cinyata, karon farko tun yaye. Gashinsa yana ƙanshin turaren ɗakin Inna. Ba wanda ya san mu a motar nan, ba wanda zai ce dubi marar kunya, don haka na yi ta shafa kan nan tun daga Zariya har inda muka sauka. Da safen tiyata suka aske shi tas. Rabon da a yi masa irin wannan askin a gabana tun ranar suna, ran nan kuwa fuskata na bango, kamar yadda ya kamata. Wannan karon ban kau da ido ba.

Sun shiga da shi da hantsi, ba su fito ba sai da rana ta yi sanyi. Likitan can ya ce sun cire mafi yawa, saura ya farka. Bai farka ba ran nan, bai farka ba washegari. Yana kwance da farin rawani na bandeji, robobi a hanci da hannu, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Babanku yana gefe da carbi, yakan sunkuya ya ce, “Abba. Abba, ka ji ni?” Shiru. Maganar Inna ta yi ta kewaya kaina: mutanen da ba su ma san sunansa ba. A jikin gadon lamba suka rubuta.

Akwai wata nas, Bayarabiya ce da ta yi ƙuruciyarta a Sabon Gari, Hausarta da ɗan gishiri-gishiri. Ta zo canza ruwa da safe, ta gan ni a tsaye ina kallonsa.

“Mama, kullum kina tsaye kamar soja. Ki kira shi mana. Suna ji fa. Muryar uwa suke fara ji.”

Na sunkuya na ce, “Kai yaro.”

“Haba Mama! Yaro nawa ne a ɗakin nan? Ba shi da suna ne?”

Na dubi babanku. Sunan ubansa ne, shi ma ya sani. Ya daɗe yana kallon carbinsa, sannan ya tashi ya fita baranda, ya ja mana ƙofa. Wannan alherin nasa ban taɓa mantawa da shi ba.

Sunan ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin harshena. Na ɗauka zai fito da ƙyar, sai ya fito a sauƙaƙe, kamar kullum nake faɗarsa. Na faɗa a kunnensa, na sake faɗa, na yi ta faɗa, ina kuka ina faɗa. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ga girar nan mai tabo ta motsa. Ya buɗe idanu, ya yi ta neman inda zai ajiye su, har suka sauka a kaina. Leɓɓansa sun bushe, muryar ta shaƙe, sai da na kai kunnena bakinsa.

“Yaya,” ya ce, “ashe kin san sunana.”

Likita ya ce lokacin farkawarsa ne ya yi. Ban yi masa musu ba.

Mun yi watanni a can ana gashin nan, ya rame, gashinsa bai ƙara fitowa a ƙeya ba. Da muka dawo Kano kaka ta yi, ana ta shanya gero. Bai ko cire takalmi ba ya wuce ɗakin Inna, ni na bi shi da akwatin na ajiye a bakin ƙofarta, ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Da la’asar ya hau soro ina biye da shi. Tantabarun suna nan, sun yi ƙiba, har da ’yan shila. Ashe tsohuwar nan, da gwiwoyin da suka sa ko sallah a zaune take yi, ita ta riƙa jan jiki tana hawa da dawa da ruwa kullum, ta hana kowa taya ta. Ya sake su, ya bi su da ido, ya daɗe yana kallon yamma.

“Ɗaya ne,” ya ce. “Dutsen ɗaya ne.”

Abin da na saya masa ke nan, in kuna son lissafi: rani ɗaya da idonsa, azumi ɗaya da ya kai har rabi, sallah biyu da rigar da babansa ya ɗinka masa da ragowar shaddar wani kansila. Da damina ta zagayo ciwon kan ya dawo, likita ya girgiza kai, wannan karon ba wanda ya yi maganar kudu, har ni. Ya kwanta a gadon Inna, inda ta so tun farko. Ni na koma bayan asabarina, don a gida kunya tana nan inda na bar ta. Ko kuskure na yi, ko daidai, na bar wa Allah. Amma da za a mayar da ni ɗakin nan in sake durƙusawa, abin da na faɗa shi zan faɗa.

Ranar ƙarshe da hantsi ne, ana yayyafi. Ina tankaɗe na ji an ɗaga asabarin ɗakina. Inna ce, a tsaye cikin ruwa, ba mayafi. Fiye da shekara ba ta tako ƙofar nan ba.

“Binta,” ta ce. “Tun asuba nake kiransa, ba ya amsawa. Zo ki kira shi da sunan nan. Ya ce mini kin iya.”

Na tsallaka tsakar gida da gari a hannuna. Na hau gadon, ita ta riƙe hannunsa ɗaya, ni ɗaya. A gabanta, sunan mijinta, na faɗa da ƙarfi. Bai buɗe ido ba. Amma yatsunsa sun matse nawa, Inna ma ta ce ta ji a nata, sannan ta fara yi masa kalmar shahada.

Tun daga ranar ban ƙara furta shi ba, kuma na lura ku ma ba kwa faɗa a gabana, kuna taya ni kunya. Na gode, amma ya isa haka. In kun tashi yi masa addu’a, kada ku ce ɗan Inna, kada ku ce Abba. Ɗana ne na fari. Sunansa Sulaimanu.